Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi

Maganar girki da gyaran jiki da zaman kishi an faɗa an maimaita har kunne ya ƙoshi, don haka yau maganar ƙafa na zo miki da ita. Ƙafar nan taki da kike yi wa lalle ranar biki, kike goge wa kaushi da dutse, amma kika hana ta aikin da Allah ya halicce ta dominsa. Ki tambayi kanki tsakaninki da Allah, tun wayewar garin yau taku nawa kika yi? Daga ɗaki zuwa madafi, daga madafi zuwa bakin famfo, daga nan sai tabarma ko kujerar falo. In unguwa ta kama, yaro ya tsayar da keke a ƙofar gida, a ɗauke ki a dire ki a ƙofar gidan da za ki. Hausawa kuwa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Ni haifaffiyar Bunguɗu ce, aure ya kawo ni Gusau, unguwar Tudun Wada, ƙanwata kuma aure ya kai ta Tsafe. Tun ƙarshen shekarar 2020 nake riƙe da wata 'yar ƙungiya ta mata masu fita tattaki da safe. Ba mu da ofis, ba mu da hatimi, ko suna ba mu raɗa wa kanmu ba, yaran unguwa ne dai in sun hango mu suke cewa ga 'yan tattaki nan. Babu mai biyanmu, mu ma ba ma biyan kowa. Abin da na gani a cikin wannan hidima, daɗinsa da ɗacinsa, shi nake so in zayyana miki, ko Allah ya sa wata ta ɗauka ta yi a unguwarsu.

Bari in fara da kakarmu, Allah ya jiƙanta. Ita ba ta taɓa jin kalmar motsa jiki ba har ta koma ga Mahaliccinta, amma kafin rana ta take ta yi surfe, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta kai abinci gona, ranar kasuwa kuma ta ɗora ƙwarya a ka ta tafi a ƙasa ta dawo a ƙasa. Ba ina yi mana fatan komawa waccan wahala ba ne, wallahi injin niƙa da famfo rahama ne, duk wadda ta taɓa kwana da ciwon kafaɗa saboda taɓarya ta san haka. Sai dai wahalar da ta tafi, ta tafi da wani alheri a goye. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni, gari ya buɗe, kabu-kabu da keke suka cika tituna, tafiyar da iyayenmu ke yi a ƙafa ba tare da sun kira ta tafiya ba, mu sai mun biya kuɗin abin hawa. Cimarmu ma ta sauya, shinkafa da taliya da lemon kwalba, miya kuwa sai an jefa mata dunƙule huɗu ko biyar. Abinci ya ƙaru, motsi ya ragu, to ina jiki zai kai ragowar?

Ni dai nawa jikin ya ba ni amsa bayan kullen korona na 2020. Ciwon kai ta ƙeya, jiri in na miƙe, in na hau ɗan tudu sai haki kamar wadda ta yi tsere. Da na je asibiti aka ɗaura mini abin awo a dantse, sai ga 160 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 ake cewa jini ya hau. Aka rubuta mini magani. Ma'aikaciyar jinyar da ta auna ni, wata mai fara'a, ta dube ni ta ce, "Hajiya, ƙwaya za ta yi nata, ke ma sai kin yi naki. Ki rage gishiri, ki riƙa tafiya." Ta bayyana mini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ki iya magana a cikinta amma ba za ki iya rera waƙa ba. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule.

Faɗa da baki ba wuya. Namiji in an ce ya motsa jiki, wando zai zura ya nufi filin wasa na tunawa da Sardauna, babu mai ɗaga kai ya dube shi. Matar aure fa? Ki fita ke kaɗai da sassafe, ba ƙwarya a kanki, ba yaro a gabanki, ba gidan suna ba gidan rasuwa, kina ta sauri kina waiwaye, kafin hantsi labarinki ya zaga unguwa. Da na kai wa maigida maganar bayan ya ci tuwon dare, tambaya ɗaya ya yi mini, "Ke da wa?" Wannan tambaya ita ce ta haifi ƙungiyarmu. Na shiga gidajen maƙwabta uku, na tarar ashe kowace da nata, ɗaya suga, ɗaya gwiwa, ɗaya kuma tun da ta haihu na shida jikinta ya ƙi komawa. Kowace ta nemi iznin mijinta, muka fara mu huɗu, muna zaga filin makarantar firamaren unguwa bayan gari ya yi haske, kafin yara su fara zuwa.

Bakin mutane kuwa bai bar mu ba. Wasu suka ce bokanci ne aka ba mu, wasu suka ce kwaikwayon Turawa ne, wasu suka ce matan da suka fi ƙarfin mazansu ne. Wata safiya wani dattijo da ke zaune a dakalin ƙofar gidansa ya tare mu da cewa, "Wai ku mi kuka nema da sassahe haka? Kuɗinku sunka ɓace?" A lokacin wata dattijuwa da muke kira Inna ta riga ta shigo cikinmu, ita ce ta tsaya ta gaishe shi da ladabi ta ce, "Malam, lahiya muka nema. Kuɗin magani munka gaji da biya." Ya yi shiru, ya ce Allah shi ba da sa'a. Ba a yi wata biyu ba sai ga uwargidansa ta fito da hijabinta ta bi sahu.

Ni kuma abin da nake gaya wa masu cewa baƙon abu muka kawo shi ne, su koma su duba tarihi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata ke tasowa daga ƙauyuka a ƙungiyance, a ƙasa, su zo wurinta neman ilimi su koma su karantar da 'yan'uwansu. Kowace tawaga tana da shugaba da ake kira jaji, dattijuwa mai mutunci, wadda ake ɗora wa malfa don a san ita ce mai amanar tafiya. Malamai kuma sun karantar da mu cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Sannan wace ce a cikinmu ba ta fatan sauke farali? Safa da Marwa sau bakwai, wurin da Nana Hajara ta yi kai da kawo, jimillarsa ta kusa kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifan shaiɗan. Ƙafar da ta kasa zaga filin firamare, yaya za ta yi a can? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga mu huɗu muka zama goma, daga goma muka haura talatin. A nan ne na gane cewa tafiyar ita ce mai sauƙi, riƙon mutane shi ne aiki. Sai da muka zauna a tsakar gidan Inna muka shimfiɗa ƙa'idoji, aka rubuta a bayan littafin makarantar ɗiyata.

Ta farko, babu wadda za ta bi mu sai da sanin mijinta, budurwa kuma da sanin iyayenta. In miji yana ɗari-ɗari, Inna ce ke zuwa da kanta ta gaishe shi ta yi masa bayani, domin ba ma so lafiyar da muka fita nema ta zama sanadin mutuwar auren wata. Ta biyu, ba a fita sai gari ya waye tangararan, kuma kowa ta koma gida kafin lokacin karin kumallon yara. Ta uku, shiga ta mutunci, hijabi wanda ba ya jan ƙasa don kada ya harɗe ki, da takalmi kambas ko wani mai taushi wanda ya kama ƙafa, ban da silifas mai santsi. Mai ciwon suga musamman, ba ta tafiya ba takalmi, kuma ta duba tafin ƙafarta in ta koma gida, saboda ciwon yana kashe jin zafi, ƙaya ta soke ta ba ta sani ba har wurin ya zama gyambo. Ta huɗu, mutum biyu ke riƙe da sahu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma ta bayan ba ta wuce kowa. Tafiyarmu da saurin mai rauni ake auna ta. Ta biyar, ban da gulma. Wadda ta ɗauko zancen kishiyarta ko na maƙwabciya, sai a ce mata, "Yaya, ƙara sauri," in numfashi ya ɗauke ai baki zai huta.

Aikina ni shi ne in riga kowa fitowa, in ƙirga mu a farko in ƙirga mu a ƙarshe, in san wadda ba ta zo ba da dalilin rashin zuwanta. Wadda aka kwana uku ba a gan ta ba sai an leƙa gidanta. Ni ce mai zuwa wurin shugaban makaranta neman iznin fili, ni ce mai kai gaisuwa wurin mai unguwa don ya san da zamanmu, ni ce kuma mai shan ƙorafi. Wannan ta ce an cika sauri, waccan ta ce an cika nawa, wata ta ce don me aka sa amarya a gaba ita uwargida tana baya. Babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa kansa zai zuba.

Kuɗi kuwa, tun farko muka ce ba kuɗin shiga, ba na wata. Asusu guda muka ajiye, mai hali ta jefa abin da ya sawwaƙa, da shi muka sayi na'urar awon jini mai aiki da batir, wata malamar asibiti da ke cikinmu tana auna mu ranar Asabar ta rubuta wa kowa a 'yar takarda. An so a haɗa mana da adashe, na ce a'a, a bar adashe a inda aka saba yin sa, domin ranar da wata ta ci ta kasa zubi, ranar za ta daina fitowa saboda kunya, mu kuma fitowarta muke so. Gwaji mafi girma ya zo mana gab da zaɓen 2023. Wata mata ta zo da mota, da fara'arta, ta ce an aiko ta da hijabai iri ɗaya da takalma da ɗan abin sayen ruwa, sharaɗin kawai mu sa hijaban, masu ɗauke da hoton wani ɗan takara, a ɗauke mu hoto. Wallahi 'yar'uwa, akwai waɗanda a cikinmu takalmin nan suke bukata da gaske. Muka kwana biyu muna ja-in-ja. Daga ƙarshe na ce mata mun gode, amma a cikinmu akwai matan 'yan kowace jam'iyya, kuma mazanmu iznin neman lafiya suka ba mu, ba su ba mu iznin yawon kamfe ba. Wasu sun ji haushina. Amma zaɓe ya zo ya wuce, mu muna nan muna tafiyarmu, babu wadda mijinta ya ce ta zauna.

'Yan matan cikinmu su ne suka zo da maganar taku dubu goma. Kowace da wayarta mai ƙirga taku, in an gama sai a haɗa kai ana gwadawa, tsofaffi kuma gwiwarsu ta yi sanyi, suna ganin su wahalar banza suke yi tun da ba sa kaiwa ko rabi. Malamar asibitin nan ce ta warware mana. Ta ce lissafin 10,000 ɗin nan daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali, wadda wani kamfani ya fitar a ƙasar Japan a 1965. Ta ce kuma a 2019 an fitar da sakamakon wani bincike a Amurka a kan tsofaffin mata fiye da 16,000, aka ga waɗanda ke yin taku kimanin 4,400 a yini mace-mace ya yi ƙaranci a cikinsu sosai in an gwada da masu yin 2,700, amfanin kuma yana ta ƙaruwa har wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita. Ajali dai na Allah ne, amma shi ya ce a nemi magani. Ranar Inna har da guɗa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kowane lokaci na shekara da irin tasa jarrabawar. Da hunturu ƙura da sanyi, sai mu jinkirta fita, masu asma su rufe hanci ko su zauna. Da bazara, watan Maris zuwa Mayu, rana tana fitowa da fushinta, sai mu gajarta, kowa da gorar ruwanta. Da damina fili ya yi caɓi, mu koma barandar azuzuwa. Da azumi mukan ajiye fitar safe, mu mayar da ita zuwa tafsiri da tarawihi a ƙasa maimakon hawa keke. Ranar Asabar in gari lafiya mukan ɗan tsawaita mu nufi wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, Inna tana ba 'yan mata labarin layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya dangana da Ƙaura Namoda a 1929, da yadda auduga da gyaɗa suka tara mutane a garin nan. Yarinyar da aka haifa a Gusau, sai a tattaki ta fara sanin garinsu.

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka hana cin kasuwannin mako. Ba kira, ba saƙo. Muka koma irin ta iyayenmu, a aiki yaro gida-gida. Tun daga lokacin muka tsayar da magana ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kwana biyar a mako, ko an ji daga gare ni ko ba a ji ba. In kuma dare ya yi ƙarar da ba a gane ba, kowa ta zauna a ɗakinta, ba sai an aiko ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini rai. Duk wadda ta taɓa bin hanyar Funtuwa daga Gusau ta ga Dutsen Kwatarkwashi, a ƙasar ƙaramar hukumar Bunguɗu, yana tsaye kamar an dasa shi. Muna yara tsofaffi suna ba mu labarin yadda samarin da ke hawansa su kamo maiki a lokacin biki. Matan ƙungiyarmu sun daɗe suna roƙona mu je, ko ba mu hau ba mu zaga gindinsa, mu ci ɗan abincinmu a inuwa mu dawo. Muka sa rana bayan damina ta 2023, aka yi karo-karo, aka yi magana da mai mota, 'yan mata har da ɗinka sababbin hijabai. Sai ga shi ranar 22 ga Satumba 2023 'yan bindiga sun shiga Sabon Gida, inda ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ke haya, suka kwashi ɗalibai, akasarinsu mata. Kan wannan hanya dai da za mu bi.

Da ranarmu ta matso, wasu suka ce ai an ƙara jami'an tsaro, ai da rana za mu je, ai abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na kwana ina juyi. Na tuna fuskar kowane miji da Inna ta je ta gaisar, da kowace uwa da ta ce mini, "Ga ɗiyata nan, amana." Na tuna 'yan matan Jangebe da aka kwasa daga makaranta a Fabrairun 2021, da halin da iyayensu suka shiga kafin a sako su. Da safe na mayar wa kowa kuɗinta a hannu, na ce ba za a je ba. Mutum uku suka yi fushi suka daina fitowa, ɗaya ta ce na mayar da su yara. Biyu sun dawo daga baya, ɗaya har yau in mun haɗu gaisuwa ce kawai. Ya yi mini zafi, amma jaji ba ta caca da 'ya'yan mutane. Dutse yana nan inda yake, ba ya tsufa. Ranar da Allah ya kawo mana zaman lafiya za mu je, in ƙafata ta gaza a lokacin, 'yan matan su je su ba ni labari.

Ƙanwata da ta zo wankan jego ta ga abin da muke yi, ta koma Tsafe da shi. Su can ba sa fita titi ko kaɗan, harabar Islamiyyarsu suke zagawa bayan an tashi karatun safe. Ta ba ni labarin wata baiwar Allah da ta gudo daga ƙauye da 'ya'yanta, tana zaune a wani kango kusa da makarantar. Kullum sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu suna zagaye. Ran nan ta ce, "Ku don lahiya kuka tahiya. Mu don rai munka yi ta, dare guda, da goyo, ba takalmi." Ƙanwata ta ce duk sai kunya ta kama su, aka rasa mai amsawa. Bayan kwanaki matar ta dawo ta ce tun da suka baro gida barci ya ƙaurace mata, da ta rufe ido sai ta ji kamar ƙarar babura. Suka ce ta shigo. Ta fara zagawa da su, ba ta cewa komai, har wata rana ta buɗe baki ta faɗi sunan ƙauyensu da abin da ta bari a can, aka tsaya aka yi kuka tare, aka ci gaba da tafiya. Yanzu ita ce mai tsaron bayan sahu, domin ta ce ta san yadda wanda aka bari a baya yake ji. Tun da na ji wannan labari, duk safiyar da na ɗaura takalmi sai na gode wa Allah da ya sa fitar ganin dama nake yi, kuma na san ƙofar da zan koma.

A Bunguɗu kuma, gidanmu na gado babban gida ne, matan ciki ba sa fita sai da lalura. Goggona ta ce su ma ba za a bar su a baya ba. Ta sa jikanta ya auna tsakar gida, daga bakin zaure zuwa gindin rumbu taku arba'in. In an yi la'asar an sauke tukunya, matan gidan su bakwai sai su jera, su je su dawo, su je su dawo, suna tasbihi da carbi, kowane zuwa da dawowa a ja ƙwaya ɗaya. In an ja hamsin an yi taku 4,000 ke nan, ba wadda ta leƙa waje. Don haka ke da kike cewa maigida ba ya barin fita, ga amsarki. Tsakar gida ma hanya ce.

Kada in yi miki ƙarya, tattaki bai raba ni da ƙwayar hawan jini ba, ina shan abata kullum yadda likita ya ce, kuma duk wadda ta ce za ta ajiye magani don ta fara tafiya, ni ce ta farko da zan yi mata faɗa. Amma awona ya sauko ya zauna, jirin ya tafi, ina yin barci, ina sallah a tsaye ba tare da gwiwa ta yi ƙara ba. Mai suga a cikinmu ta ce in ta ɗan taka bayan cin abinci awonta yana kyau, malamar asibiti ta ce haka ne, naman jiki in yana aiki yana zuƙe sugan da ke cikin jini. Sannan akwai abin da na'ura ba ta aunawa. Mace in tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da 'yar'uwarta, ba ido cikin ido ba, takan faɗi abin da ba za ta iya faɗa a zaune ba. A hanya muka gane wata amarya mai ciki wata bakwai fuskarta da hannuwanta sun kumbura, tana kukan ciwon kai da ganin duhu-duhu. Aka auna ta jini ya hau sosai, malamar ta ce wannan alamar ciwon da ke kai mai ciki ga jijjiga ce, ba a kwana da shi. Ranar aka kira mijinta aka wuce da ita asibiti. Yau yaron yana gudu a gabanmu in mun fito.

Gajiya kuwa akwai ta. Akwai safiyar da nake ji kamar in ja bargo in ce yau kowa ta yi ta kanta. Aikin sa kai ba albashi ba hutu, in an yi daidai ba mai tunawa, in an samu tangarɗa sunanki ne a baki. Shi ya sa yanzu na raba nauyin, kowane mako da mai riƙe littafi, kuma na jawo wata budurwa mai natsuwa, ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke nan Gusau, ina nuna mata yadda ake ƙirga mutane da yadda ake ba dattijai haƙuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya kwanta ciwo abin ya kwanta tare da shi.

To 'yar'uwa, in maganata ta shige ki, kada ki jira a kafa miki ƙungiya daga sama. Ki fara da zuwa a auna jininki, in kina da ciki ko ciwon zuciya ko wata lalura ki ji ta bakin likita tukuna. Ki nemi iznin maigida cikin lalama, a lokacin da ransa ke sanyi. Ki samu maƙwabciya ɗaya ko biyu masu kamun kai, da dattijuwa guda da unguwa ke jin nauyinta. Ku zaɓi wuri na kusa wanda idon jama'a ke kai, ku fara da minti goma, mako ya zagayo ku ƙara biyar. In kin ji ƙirji ya riƙe ko numfashi ya sarƙe ko jiri, ki tsaya, ki nemi asibiti. Ku kuma 'yan mata, kada ku ce wannan ta tsofaffi ce, jikin da za ki yi ciki da goyo da shi gobe, yau ake tanadinsa.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya zaunar da Zamfara da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu garuruwansu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya buɗe mana hanyoyinmu mu bi su ba fargaba. Wadda ta karanta ta ba maƙwabciyarta aro.